Rabin Waƙar Niƙa

Ni dai ban gaji kiɗi ba, gidanmu manoma ne. Gitar ma wani mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, ya bar mani ita da anka ɗauke shi zuwa Tawa. Ni ke gyara mashi babur a garejinmu na bakin tashar Dogon Dutsi, ran da za shi tafiya ya miƙo mani ita cikin buhu ya ce, "Riƙa, Munkaila, tun da kullum kai ka kallonta." Tsirkiya guda ta tsinke tun kafin ta zo hannuna. Na warware wayar birki na ɗaura mata, ta zauna.

Da farko abin da samari ke tura ma juna cikin salula nike kwaikwayo, irin kiɗin Buzaye. Sai wata rana da hantsi, ba aiki, ina zaune bisa tsohuwar taya, mata biyu suna lugude bayan gareji. Wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, can guda ta jefa tata sama ta tafa ta cafe. Ban san sa'ad da babban yatsana ya fara bin su ba. Da sunka gama sunka kwashe dakansu, abin ya rage a hannuna. Na yi ta mamaki. Ashe gita tana ɗaukar abin da ke cikin turmi? To in ta ɗauki wannan, mi kuma za ta ɗauka?

Tun daga nan na zama mai yawon roƙon kiɗi. Ran da ba aiki sai in goya ta in hau babur. A Gesheme wani makaɗin noma ya ba ni taken da ake yi ma manoma ranar gayya, shina ta dariya wai gangata ba ta da fata. A wata rijiya bisa hanyar Tibiri na zauna da wani Bafillace mai sarewa har shanunshi sunka gama sha. Nashi ya wahalshe ni, don shi numfashi shike ja mai tsawo, ita ko tsirkiya da ka taɓa ta sai ta mutu, sai da na koyi girgiza ta da yatsa. Na je har Lugu wurin wani tsoho mai goge. Ya ba ni na wasa, da na ce ya ƙara mani waɗanda na ji shina yi ƙasa-ƙasa, sai ya aje gogen.

"Waɗanga da masu su," ya ce. "Ka tahi ka kaɗa su bakin tasha, in sun zo wa za shi sallame su? Kai?"

Na ce a'a, Baba, a bar su nan.

Ban iya rubuta kiɗi ba, lakwal ɗin ma ban yi nisa ba. A yatsu nike aje su. Kowace safiya kafin a kawo aiki sai in bi su ɗaya-ɗaya awa mai duba awakinshi, in ga ko wani ya ɓace.

Akwai guda da ba wanda ya ba ni, da shi na tashi, amma rabi ne. Waƙar niƙan kakata ce, Hasiya, wadda ta haifi innata. Ni ne ɗan fari, don haka da anka yaye ni wurinta anka kai ni, can ƙauyenmu bayan Kiyeshe. Tana durƙushe gaban dutse tana niƙa, ni ina kwance gefe, tana cewa:

"Dutse, ci ka bar mani gari,
rana ta hau bisa darni,
masu ci suna bisa hanya."

Nan nawa ya tsaya. Na san da saura, don na tuna waƙar tana hawa har nan sannan ta juya ta sauko, amma ta ina ta juya, na rasa. Injin niƙa ya zo gari ina ƙarami, Kaka ta jingine dutsenta, waƙar ta tafi tare da shi. Bayan nan ita ma Allah ya karɓi abinshi.

In na kaɗa a fada wurin shayi, sai in kai wurin in tsaya, hannu a sama. Abokai su ce, "To? Mai ya ƙare?" In sake daga farko, in sake tsayawa nan. Har sunka sa mata suna, wai gundumi, waƙa marar wutsiya.

Na ce bari in tambayi tsofaffi. Ranar kasuwar Kiyeshe na sami wata Iya Habiba mai saida daddawa, wadda anka ce ƙawar Kaka ce tun suna ƴan mata. Na durƙusa na gaishe ta, na kaɗa mata. Ta saurara, kai a karkace.

"Ta Hasiya ce," ta ce. "Wallahi ita ce. Har na ga gwiwarta."

"To Iya, ƙarasa mani."

"Ni? Ina na san ta? Kai yaro, waƙar niƙa ba ta dandali ba ce da kowa ka kamawa. Kowace mata da tata. Ni ta bayan darni nike jin farkonta, in ta kai tsakiya sai murya ta yi ƙasa. Wanda ka jin sauran sai wadda ke tankaɗe kusa da ita. Ɗiyarta. Ba Sahura ta haihe ka ba? Tahi ka tambaye ta."

Ta faɗi haka, sai ta dube ni, ta tuna ko wane ne ni, ta rufe baki da hannu tana dariya. "Af! Kai ne na hwari. To Allah shi ba ka sa'a."

Abin da ya ba ta dariya kowa a ƙasarmu ya san shi. Tun da nike, innata Sahura ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma ita tana cikin masu riƙonta da ƙarfi. In na je gaishe ta sai ta amsa tana kallon turmi. In tana son ta ce mani wani abu, sai ta faɗa ma wanda ke kusa, ko da yaron maƙwabta ne. "Ka ce ma mutumen Dutsi rumbu shina yoyo." Ina tsaye ina ji, yaron ya juyo ya maimaita mani, ni kuma in ba yaron amsa. Haka muke, kuma ban taɓa jin ya dame ni ba sai da na zo neman waƙa. Yaya za ka roƙi waƙa wurin wadda ko ruwa ba ta miƙa maka hannu da hannu?

Ga shi kuma lokaci ya matso. Ƙanena Kamaluddeen, mai butik, wato kanti, a Yamai, ya gina ɗaki, ya ce da an gama girbi za shi ɗauke Inna, tun da Baba ya rasu. Gidanshi gidan ustazai ne, rediyo ma sai wa'azi. Mutumen kirki ne, ni ma shina girmama ni, iyaka in ya ga gitar sai ya ce, "Yaya, har yanzu kana tare da katakon ga? Ina yi maka addu'a." Na san in Inna ta shiga gidan siminti ta zauna bisa kujera, ba dutse, ba hatsi, wutsiyar waƙata ta tafi ke nan.

Lokacin ƙanwata Firdausi tana gida, ta zo wankan jego da ɗanta na fari. Na kira ta a salula na ce ta tambayar mani. Washegari ta kira tana dariya.

"Yaya, na tambaye ta. Ta ce ita ba zabiya ba ce da za ta zauna hannu sake ta buɗe baki. Wai waƙar niƙa ba ta fita sai da dutse. Da na ɗaga salula ko za ta yi kaɗan, ta ce in aje abin ga ko ta sa shi cikin randa."

"Ta san ni ke so?"

"Ta ce wa ka tambaya? Na ce wani ne. Ta ce wanin ya nemi aikin yi."

Na haƙura, amma abin bai bar raina ba. Ina kwance ƙarƙashin babur ina tunanin ko waƙar hagu ta juya ko dama.

Ana cikin yankan hatsi, sai Sabo mai injin niƙan ƙauyenmu ya aiko a ce mani injin ya ƙi tashi. Na goya gita, na ɗauki jakar kayan aiki na tafi. Na kwance famfon gazuwal, mai tura ma injin mai, na tarar wani ƙarfe a ciki ya cinye, irin wanda ba a gyarawa sai sabo. Munka aika ma wani direba ya taho da shi daga Najeriya. Sabo ya ce in zauna in jira, kada in tafi ya rasa ni. Na sauka zauren gidanmu.

Gari ya koma hannu. Ko'ina ka bi turmi ne ke tashi. Da safe ina zaure na ji Inna tana ce ma Firdausi, "Garin turmi ba shi yi ma mai jego kunu, tsaki ne. Taho ki kama mani." Sai na ji ana jan abu mai nauyi bisa ƙasa. Na leƙa. Dutsen Kaka ne, wanda kaji ke shan ruwa cikin kwarminshi shekara da shekaru. Ta wanke shi, ta girka, ta durƙusa, ta zuba surfaffen hatsi.

Na shiga tsakar gida a hankali na zauna bisa turmin da ke kife, awa mai shan iska. Dutse ya fara, gurr, gurr. Na kasa kunne. Dutse kaɗai ke magana. Ta niƙa, ta share, ta ƙara, bakinta a rufe gam. Firdausi tana ba ɗanta nono tana kallona tana cije leɓe.

"Khalid, Khalidu na," ta ce ma jaririn da ƙarfi, tana sumbatar goshinshi, "ka ga kawunka ya zo kallon niƙa?"

"Ke dai ba ki da kunya," Inna ta ce ba ta ɗago ba. "Ɗan hwari kike kira da suna gaban mutane, har da lasa tai. Zamani ya lalace."

"Inna, lokotoron asibiti ya ce a riƙa yi masu magana."

"Lokotoro ne ya haihe ki?"

Na gane muddin ina wurin ba za ta yi ba. Na tashi na fita, na tafi har gindin gawon da ke bakin gona. Daga can na ji kamar murya tana tashi, siririya, iska tana kawo ta tana maida ta, ba abin da za ka kama. Na dawo da sanɗa, ina isa bakin darni ta ɗauke. Ko inuwata ta gani ta tsakanin kara, ko tafiyata ta sani, oho. In ina kusa ba ta yi, in na yi nisa ban ji. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, don abin ya fi gyaran inji wuya.

Washegari na yi dabara. Tun kafin ta fito na zagaya na laɓe ƙarƙashin rumbu, inda ake aje itace. Na manta kaza tana kwanci a wurin. Ta tashi da kururuwa bisa kaina, ƙwai guda ya mirgino har tsakar gida. Inna ta dube shi, ta dubi ƙafafuna da sunka leƙo.

"Firdausi, ki ce ma mai gadin rumbu akwai kunama nan ƙasa."

Na fito ina kakkaɓe jiki. Firdausi ta yi dariya har jaririn ya sake nono ya fashe da kuka.

Da azahar Sabo ya zo ya ce direba ya kira, ƙarfen za shi iso da motar safe. Ke nan gobe inji ya tashi, dutse ya koma ma kaji. Na zauna zaure ina tunani. Na ce to, tun da ba ni samu, bari in yi mata wutsiya da kaina, ko ba ta Kaka ba ce, a daina ce mata gundumi.

Da la'asar na fitar da tabarma waje, na jingina da darni, bayana ga gida, fuskata ga hanya. A ciki Inna ta sake durƙusawa don tuwon yamma, ina jin dutse. Na ɗaure tsirkiyoyi daidai da ƙararshi, na bi tafiyarshi, turawa da jawowa. Na kaɗa rabina. Da na kai "masu ci suna bisa hanya" sai na ɗora abin da ya zo mani, wani ɗan gudu mai hawa sama irin na taken noma. Bai yi muni ba. Na sake. Na kuma sakewa, ina ƙara mashi ado.

Dutse ya tsaya.

"Ke Firdausi!"

"Na'am, Inna."

"Wace irin ɓarna ce kike yi ma waƙar mutane? Haka anka ce maki ana yin ta?"

"Ni? Inna ko bakina ban buɗe ba."

"Rufe mani baki. Ɗiya mace har ta haihu ba ta san waƙar kakarta ba. Wa ya ce maki nan hawa ake? Ana zuba hatsi ana tsalle? Matso nan ki ji, ba ni son in sake jin wannan shirmen."

Dutse ya tashi, sai muryarta ta biyo shi. Ban taɓa jin ta tana waƙa ba. Muryar ta fi ta Kaka kauri, kuma ta ɗaga ta fiye da yadda mai koya ma wadda ke gabanta ke bukata. Ta yi dutse ci ka bar mani gari, ta yi rana ta hau bisa darni, ta yi masu ci suna bisa hanya. Sai dutse ya yi shiru, na ji tana share gari tana ɗebo wani hatsi, ita kuma ta rufe baki ta ja wani dogon guɗa ta hanci, ba kalma ko guda, ya sauko a hankali, ya ɗan lanƙwasa, ya kwanta. Sannan dutse ya koma, ta buɗe baki:

"Kamalu shina bisa hanya,
Firdausi tana bisa hanya,
dutse, kada ka gaji."

Nan na gane abin da ya sa na rasa ta. Ni da kalmomi na riƙe waƙar ina yaro, wurin ko ba kalma. Ƴaƴa ake jerawa daga babba zuwa ƙarami, na fari kuwa ba a faɗin sunanshi, sai a bi ta kanshi da hanci. A bakin Kaka wurin na ɗanta na fari ne, Kawu Sama'ila. A bakin Inna, gaban Kamalu, ba kowa sai ni.

Na zauna hannu bisa tsirkiya ban taɓa ba. Wani mai amalanke ya wuce ya yi mani sannu, ban san ko na amsa ba.

"Kin ji ko?" Inna ta ce. "To yi in ji."

Firdausi ta san ba da ita ake ba. Na kaɗa. Na kai wurin, na sauko, amma na riga ta isa ƙasa.

"Kina sauri. Wa ka korar ki? Nan hannu hutawa shike."

Ta sake yi. Na bi ta. Wannan karon tsirkiya ta mutu mani tun ban kai rabi ba, don abin dogo ne, numfashi guda. Na gwada bisa wata tsirkiya, na girgiza ta, ta kai, sai lanƙwasar ta kuɓuce mani.

"Kin bar kwanar. Ba miƙe take ba awa hanyar mota. Saurara da kyau, kunnen ƙashi."

"Inna, ɗalibar taki dai ba ta da kai," Firdausi ta ce.

"Da sauƙi. Na ga waɗanda sunka fi ta rashin kai."

Muna haka, ita ta yi, ni in bi, ta yi ma Firdausi faɗa, in gyara. Yara sunka taru gabana suna kallon yatsuna. Na kusa, saura yadda lanƙwasar ke komawa cikin dutse, sai na ji ɗan dutse shina gugar banza. Hatsi ya ƙare. Na ji tana karkaɗe ƙwarya. Na kuwa san ba ta yin waƙa hannu sake.

Sai na ji muryar Inna.

"Firdausi, aje yaron ki ɗebo mani wani hatsi cikin wancan kwano."

"Inna, garin ga ya isa har gobe. Wancan ko na hura ne."

"Na tambaye ki?"

Na ji tafiyar Firdausi, na ji hatsi ya zuba bisa dutse. Inna ta gyara durƙuso, ta yi ɗan nishi saboda gwiwa, ta fara daga farko. Na shiga tare da ita. Munka hau tare, dutse ya tsaya, ta ja ta hanci, na sauko da ita a hankali, na lanƙwasa inda ta lanƙwasa, munka kwanta wuri guda, dutse ya karɓa.

Ba ta yi ma Firdausi faɗa ba. Ta wuce Kamalu, ta wuce Firdausi, ta koma farko, ni ma na koma, muna ta yi har kwanon ya ƙare.